Taragan Mai Gonar Awali

Ranar Litinin da hantsi Baba ya kira ni a waya. Ina tsaye gaban injin guga a ɗakin wankin otal ɗin da nake aiki, tafiyar minti biyar daga Haramin Madina. Baba ba ya kira a lokacin aiki. Na kashe injin.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ne da ni, Raudatu, ba ya iya kama shi. "Ke da kika karanta sinadarai, in roba ta narke, ana iya mai da ita yadda take?"

"Wace roba, Baba?"

Ina jin kukan kurciyoyi a bayansa.

"Ta jirgin mai gida."

Na zauna a kan buhun tawul.

Mahaifina, Malam Issoufou, shekararsa ashirin da shida yana aiki a wata gonar dabino mai katanga a Awali, a gefen Madina. Mai gonar, Abdulmajid, shi ne kafilinsa, wato da sa hannunsa Baba yake zaune a ƙasar nan. Tsoho ne mai ƙarancin magana. A cikin gidan gonar yana da ɗaki guda da ya cika da ƙananan jiragen ƙasa na roba, kowane tarago bai wuce tsawon tafin hannu da rabi ba. Yakan sayo su da fentin kamfani, ya cire fentin, ya sake shafa musu launin da yake so, ya jera su gaban wata 'yar tasha da ya gina da hannunsa mai kama da tsohuwar tashar jirgin Madina. Da zai tafi Jidda a yi masa aikin ido, sai ya miƙa wa Baba faranti ɗauke da gangar jiki goma sha biyu, kan jirgi ɗaya da taragai goma sha ɗaya, an cire musu ƙafafu da gilasai. Ta tagar mota ya ce a cire musu fenti kafin Asabar. Bai ce da me ba.

Baba ya sha cire fentin ƙofofin ƙarfe da tina, ruwan nan da masu fenti ke sirka fenti da shi. Ya zuba tina a gwangwani, ya jefa kan jirgin, ya tafi buɗe wa dabino ruwa.

Saura kwana goma sha biyu iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, kuma ba a sabunta ba tukuna. Shekara uku da suka wuce Abdulmajid ya yi wa Khalilu, wani mutumin Chadi, huruj, wato korar da babu dawowa, don ya bar famfo a buɗe ruwa ya shiga ƙarƙashin ƙofar wannan ɗakin. Ni ba tsoron Tasawa nake yi wa Baba ba, garinmu ne, yana da 'yan uwa. Amma Baba abu guda yake roƙo bayan kowace salla, tun ina yarinya nake jin shi a waya: Allah Ya ɗauki ransa a Madina, a sa shi a maƙabartar Baƙi'a. Shekararsa sittin da huɗu, yana hawan dabino da gwiwa ɗaya mai ciwo saboda wannan.

Tasallah, abokiyar aikina Bakanuwa, ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

"Madam Kimiyya, wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ta tafa hannu.

"Abin wasan yara? A kan abin wasan yara za a kori dattijo?"

"Ki karɓar min aikin Alhamis."

"Ke da ko sannu ba kya yi wa mutane? Digiri a jaka, hanci a sama, ana guga kamar kowa."

"Yaya Tasallah."

"Au, yau na zama yaya! Je ki, 'yar Faransa. Amma ki zo min da ɗanyen dabino, ba busasshe ba."

Gaskiyarta, ina da girman kai. Na yi shekara huɗu a jami'a a Yamai, na fito da sakamakon da ba na jin kunyar nuna shi, ban sami aiki ba, na zo nan ina goge zanen gadon alhazai. Ban taɓa bari wani ya tausaya min ba.

Alhamis da sassafe tasi ta sauke ni a ƙofar gonar. A jakata akwai kwalbar sipirit daga kantin magani, da sodar buɗe makwarara, irin wadda kakata take dafa sabulu da ita, da safar hannu ta roba, da buroshin haƙori guda biyu.

Baba ya kawo kan jirgin a cikin tsumma kamar gawar tsuntsu. Gabansa ya zube ya dunƙule, bututun hayaƙin ya kwanta, tagogin sun haɗe baki. Bayansa ne kawai, inda tina ba ta rufe ba, ya rage da siffarsa da baƙin fentinsa.

"Baba, roba da ƙarfe ɗaya ne? Ba za ku kira ni ba tun kafin ku zuba? Me na je yi makaranta?"

Ya sunkuyar da kai yana murza tsumman. Na ga haka, ban kuma sassauta ba.

Na karya guntaye uku daga bayan kan jirgin, tunda ya riga ya mutu. Ɗaya na sa a sipirit, ɗaya a ruwan soda, ɗaya a ruwan birkin mota, don wani maƙwabcinsu ya rantse wa Baba cewa shi ne magani. Muka zauna a inuwar rumfar famfo muna jira. Zuwa azahar sipirit bai yi komai ba sai dusashe launi. Ruwan birki ya ɗaga fentin, amma da na lanƙwasa guntun kaɗan sai ya ɓalle kamar busasshen kara. Na ciro na soda. Fentin ya yi yamutse, na taɓa shi da tsinke ya saɓule kamar fatar tumatir da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Robar da ke ƙasa fara tas, na lanƙwasa ta ta dawo.

Baba ya tashi da sauri ya ɗauko babbar tukunyar alminiyam da yake dafa shinkafa.

"A'a! Ku ajiye ta! Soda za ta ci tukunyar, ta yi tiriri ta fantsamo mana a ido. Bokitin roba."

Na auna ruwa, na zuba sodar kaɗan kaɗan ina juyawa da sanda. Bokitin ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa. Na hana a sa komai sai da ya huce, sa'a guda cur, Baba yana kallon rana yana kallona. Sannan na nutsar da taragai shida, na danne su da faranti.

Duk lokacin da mota ta rage gudu a bayan katanga sai in tsaya in kasa kunne. Iƙamata ta kamfanin wanki ce. Zuwa gaida mahaifi ba laifi ba ne, amma mace da safar hannu da bokitin sinadari a gonar wani, wannan aiki ne a wurin wanda ba kafilinta ba. In aka tambaye ni, ban san abin da zan ce ba. Sau biyu na cire safar na tura bokitin bayan famfo, motar ta wuce, na dawo na ci gaba.

Da la'asar na fara gogewa. Buroshi yana ɗauke fentin da ke fili, amma taragan nan suna da ƙananan kawunan ƙusoshi a jere, da layukan katako, da kusurwoyin tagogi da ba su kai ƙwayar gero ba. Nan fenti yake maƙalewa. Allura za ta karce robar. Baba ne ya yanko min ƙayar dabino, ya ce ita ba ta da taurin ƙarfe. Ta yi daidai, ban dai gaya masa ba.

A tarago na huɗu ƙayar ta huda safar a babban yatsa da manuni. Ban ji ba. Soda ba ta yin zafi da farko. Abin da na ji shi ne santsi a cikin safar, yatsuna suna zamewa da juna kamar na shafa mai. Na san ma'anar wannan santsin, na rubuta shi a jarrabawa: fatata ce take komawa sabulu. Na fizge safar na sa hannu ƙarƙashin famfo. Baba yana ta salati. Na ƙirga minti ashirin a agogon waya, ruwa yana zuba, ina kallon kan yatsuna suna yin fari sannan ja. Da na cire, iska ma ciwo take min.

"Ya isa, Uwata. Bar shi. Abin da Allah Ya rubuta."

"Akwai wata safar?"

Ya kawo min tasa ta feshin magani, mai kauri, ta yi min yawa. Na naɗe yatsun da leda na sa. Kafin magariba shida sun fita. Na nutsar da biyar ɗin da suka rage su kwana.

Juma'a da hantsi na gama da su. Baba ya yi wanka ya tafi masallaci. Na ɗauraye taragai goma sha ɗaya da sabulu, na ɗauraye da ruwa sau uku. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Da babu fenti, kowace ƙusa ta fito, har da 'yan matakala da marikin ƙofa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ɗauke su na jera a kan kwanon rufin rumfar famfo, inda rana take, na shiga ɗakin Baba na yi alwala da hannu ɗaya na ta da salla.

Duk abin da aka wanke, a rana ake shanya shi. Haka na tashi na gani, haka hannuna ya yi ba tare da ya shawarci kaina ba. A raka'a ta biyu na tuna watan Yuli ne, a Madina, a kan kwano.

Ban san yadda na sallame ba. Na fita ba takalmi, ƙasa tana cin tafin ƙafata. Kwanon ba ya taɓuwa. Na kwashe su cikin mayafina na gudu inuwa, na jera su a kan tayil ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Goma sun yi zafi amma suna nan. Na goma sha ɗaya, wanda ya fi kowanne tsawo, mai tagogi goma sha huɗu, ya lanƙwashe. Tsakiyarsa a ƙasa, kai da gindi sun ɗaga. Na taɓa gefe ɗaya ya yi lilo.

A haka Baba ya same ni. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya ɗauki taragon ya duba. Na jira ya mai da min da maganata ta jiya. Da ya yi, da na ji sauƙi.

"Rana ce," ya ce. "Ba ke ba ce."

"Ni ce. Ku ɗora min ruwa a wuta."

Zafi ne ya lanƙwasa shi, zafi ne kuma zai iya miƙar da shi, in bai yi yawa ba. Ba mu da ma'aunin zafi. Na tsaya kan tukunya ina kallo har ƙananan kumfa suka fara taruwa a gindinta, na sa aka sauke aka juye a roba. Na tsoma taragon na ƙirga goma, na ciro, na kwantar da shi a kan tayil, na danna kai da gindi. Da safar Baba ba na jin lokacin da robar ta fara ba da kai, kuma in na danna fiye da kima ginshiƙan tagogin za su karye. Na cire safar. Na cire ledar.

Sau bakwai na tsoma shi. Kowane karo ɗanyen naman yatsuna yana shiga ruwan, kowane karo ina danne shi a kan tayil har Baba ya zuba ruwan sanyi a kai. A na uku na ciji gefen mayafina. A na biyar na ji wata 'yar ƙara, na ɗauka ya karye, ashe tayil ɗin ne ya motsa a kan tsakuwa. Baba ya juya baya yana zuba ruwan ba tare da ya kalli hannuna ba. Ban yi kuka ba. A na bakwai taragon ya kwanta. In an sa ido daidai da tayil, ana ganin siririn haske a ƙarƙashin gefe ɗaya, wanda takarda za ta iya shiga. Na bar shi haka, don na san na takwas zai kashe shi.

Na kira Tasallah na ce ta karɓar min Asabar ma.

"Ke, ni baiwar ubanki ce?" Ta ji muryata. "Me ya sami hannun? To, shi ke nan. Ki shafa zuma. Kuma kada ki buɗe wa Balaraben nan wannan bakin naki."

Asabar da walaha mota ta shigo. Abdulmajid ya fito da farar auduga manne a idonsa na dama, ɗayan idon yana ruwa. Ya zauna a kan kujera a barandar gidan, aka kawo farantin. Ni ina tsaye daga gefe, hannuna cikin mayafi. Da Larabci aka yi duk abin da ya biyo baya.

Tun a daren Juma'a na ce wa Baba mu ce kan jirgin faɗuwa ya yi mota ta taka, ko mu ce ni ce. Ya ce ba zai nemi kabari a Baƙi'a da ƙarya ba. Saboda haka kafin tsohon ya ƙirga, Baba ya buɗe tsumman ya ajiye a gabansa.

"Ya ammi," ya ce, kiran girmamawar da yake yi wa mai gida, "wannan ni na kashe shi. Tina na sa."

Abdulmajid ya ɗauka. Ya daɗe yana shafa inda bututun ya kwanta.

"An daina yin irinsa," ya ce. "Shekara tara na neme shi." Ya ajiye. "Issoufou, ka fara haɗa kayanka."

Baba ya ce, "To."

Tsohon ya kai hannu kan sauran. Tunda ido ba ya yi masa aiki, da yatsa yake dubawa. Ya bi layin ƙusoshi, ya sa farce a kusurwar taga, ya shinshina. Ya ɗauki na biyu, na uku. Ya matse gefen ɗaya a hankali, yana jiran ya tsage, bai tsage ba. Da ya zo kan dogon, ya ajiye shi a kan gilashin tebur ya danna gefe ɗaya, ya ji ɗan motsin.

"Wannan ya ga rana."

"Ni na shanya shi," na ce. "Ni na miƙar da shi. Ni na wanke su duka."

Ya juyo da idonsa mai ruwa. "Wace ce wannan?"

"'Yata ce," in ji Baba. "Ta zo gaishe ni."

"Da me kika wanke? Nawa kullum sai sun yi gautsi, rabinsu su tsage."

Na san abin da na riƙe ba wani sirri ba ne. Duk jikansa da ke da waya zai iya nemo masa. Amma shi kaɗai nake da shi.

"Zan faɗa ranar da aka sabunta iƙamar mahaifina."

Ina jin bugun zuciyata a cikin yatsuna biyu. Mutumin nan da kira ɗaya zai iya haɗa ni da Baba a jirgi guda.

"A gidana kike ciniki da ni?"

"Soda ce, ya ammi," Baba ya ce, ko kallona bai yi ba. "Ta makwarara. Cokali uku a lita, a bokitin roba, a bari ya huce. A jiƙa su su kwana. A goge da buroshi da ƙayar dabino. A shanya a inuwa."

"Baba!" na ce da Hausa.

"Yi shiru. Kayansa na ɓata. Ba a riƙe wa mutum magani bayan an ji masa ciwo."

Abdulmajid ya ɗauki farantin da kansa ya shiga ciki, ya rufe ƙofa. Bai janye maganarsa ba, bai kuma maimaita ta ba.

Na koma aiki ranar Lahadi. Na yi kwana uku ban kira Baba ba saboda haushi, sannan na fara kiransa sau uku a rana saboda tsoro. Ya haɗa kayansa a akwati ɗaya da buhu ɗaya, ya ci gaba da ba dabino ruwa. Kullum bayan la'asar yana shiga mota ya zo Harami, ya tsaya a bakin katangar Baƙi'a ya yi sallama ya koma. Ni kuma ina tura zanen gado cikin inji da yatsu takwas, Tasallah tana canza min bandeji tana zagina. Duk saƙon da ya shigo waya sai na rufe ido kafin in duba.

Ana saura kwana ɗaya iƙamar ta mutu, ranar Juma'a, na je gonar don in taya shi ɗaure buhun. A ƙofar ɗakinsa na tarar da kwali uku a jere, cike da taragai masu fentin kamfani, ja da kore da shuɗi, sun fi talatin. A kan kwalin sama akwai sabuwar safar hannu, ƙarama, ba ta hannun namiji ba. Baba yana zaune a bakin ƙofa da wayarsa. Ya miƙo min, don rubutun ya yi masa ƙanana. An sabunta iƙamar.

Na karanta sau biyu. Na dubi kwalayen. Na ƙirga Juma'o'in da za su ci, da motocin da za su rage gudu a bayan katanga.

"Mai gida ya ce wani abu?"

"Ya ce kada in sake taɓa su. Ni dai in yanko ƙaya."

Na zauna kusa da shi a ƙasa. "Shekara ɗaya ce kawai, Baba. Baɗi war haka muna nan inda muke."

Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya miƙe gwiwar a hankali.

"Wa ya ce miki ina buƙatar fiye da haka, Uwata?"